Yadda Na Mayar Da Faɗuwa Sana'a

Ba zan faɗi sunana ba, domin akwai mutanen kirki da muke amsa sunan gida ɗaya da su, kuma kunyar da suka sha saboda ni ta isa haka. Abin da nake so matasa su sani shi ne, kafin a fara nuna ni da yatsa a kasuwar Sabon Gari, ni ma yaro ne mai natsuwa kamar kowa. A Samaru aka haife ni. Babana malamin firamare ne, mutumin kudancin Kaduna, kuma dattijo a cocinmu. Mamata tana sayar da manja da gari a bakin kasuwar Samaru. Mu biyu suka haifa, ni da ƙanwata Rifkatu. Ba mu da arziki, amma ban taɓa kwana da yunwa ba, don haka ba zan ɗora wa talauci laifina ba.

Da na gama sakandare, jarrabawata ba ta yi kyau ba. Jami'a tana tsallaken titi, kullum ina kallon ƙofarta, amma ban samu shiga ba. Sai na kama aiki a wani shagon fotokofi, ina buga wa ɗalibai takardu, ina ɗinke musu littattafan bincikensu. Lokacin wayar hannu ta fara shigowa gari. Sa'o'ina za su shigo da ita a hannu suna Turanci suna dariya, ni kuwa ina tsaye a bayan inji, yatsuna duk baƙin tawada. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma abin yana ci mini rai.

Wata rana da damina maigidana ya aike ni Sabon Gari in saro takarda a wurin wani ɗan kasuwa Inyamuri da ake kira Oga Emeka. Janaretansa yana ajiye a bakin ƙofa, baƙin mai ya zuba a kan matakala, ruwan sama kuma ya bi ta kai. Na fito ɗauke da kwali a kafaɗa, santsi ya kwashe ni, na tokare ƙasa da hannun hagu. Na ji ƙarar karyewar ƙashin da kunnena. Wannan faɗuwar gaskiya ce, kuma ita kaɗai ce ta gaskiya cikin duk waɗanda na yi.

Nan da nan mutane suka taru. Wani daga bayan taron ya ce baƙo ya karya ɗan mutane. Duk da zafin da nake ji, na lura da fuskar Oga Emeka. Ba ni yake kallo ba, taron yake kallo. A shekarun nan zaman gari bai da daɗi, ƙaramar hayaniya tana iya zama wani abu dabam, kuma duk ɗan kasuwar da ya zo daga kudancin ƙasar nan ya san shagonsa ne zai fara tafiya. Da kansa ya sa ni a mota ya kai ni asibiti, ya biya hoton ƙashi da ɗauri da magani. Bayan kwana biyu ya zo gidanmu da ambulan. Baba ya karɓe shi da mutunci, ya ce tsautsayi ne, tunda an biya magani magana ta ƙare, ya mayar masa da ambulan ɗinsa. Da na raka shi waje, sai ya cusa mini shi a aljihu, ya ce in sha romo.

Ban faɗa wa Baba ba. Da wannan kuɗi na sayi wayata ta farko, na ce wa 'yan gida bashi maigidana ya ba ni.

Hannun ya warke, sai dai wuyan hannun ya ɗan karkace. Kuɗi suka ƙare. Wata safiya na ga tsohon bandeji a cikin akwati, na naɗa shi, na hau motar Sabon Gari. Na ce wa Oga Emeka hannun yana hana ni aiki. Ya ba ni wani abu. Na sake komawa, ya sake bayarwa. A zuwa na uku ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙo ya ce wannan ne na ƙarshe, in je da Allah. Na san ya gane. Na ji kunya, amma kunyar ba ta wuce bakin titi ba.

A ranar ce na haɗu da mutumin da ya ƙarasa lalata ni, ko da yake ni na kai kaina. Na zauna wurin mai shayi kusa da tasha, na warware bandejin don in ji daɗin cin burodi. Wani mutum mai tsohuwar kwat da jakar hannu yana gefena, sai ya yi dariya ya ce hannun nan ya warke da wuri. Sunansa Ɗanjuma, yana zaune a Dogarawa, kowa yana kiransa Barista ko da yake bai taɓa karatun lauya ba. Ya daɗe yana yawo a harabar kotuna yana rubuta wa mutane takardun koke, ya haddace kalmomin da ke tsorata mutum. Ya ja ni da hira har na ba shi labarin duka. Ya kama wuyan hannuna ya juya shi, kamar mai duba akuya a kasuwa, ya ce: "Yaro, kana yawo da gona a jikinka ba ka sani ba."

Shi ya koya mini komai. Muna zaɓar shago mai tayil ko matakala, na baƙo, kuma lokacin da masu saye suka cika. Ina ɗauke da ƙaramar kwalba da ruwan kuɓewa a ciki. Zan zuba kaɗan ba tare da kowa ya gani ba, in zaga, in dawo in taka. Na koyi faɗuwa a kan kafaɗa da cinya, in yi ƙara, in riƙe hannun hagu sama yadda kowa zai ga karkacewarsa. Sai Barista ya ɓullo kamar wucewa yake yi, ya ce ai ɗan yayarsa ne. Zai hana a kai ni asibiti, ya ce muna da likitanmu. Washegari mu dawo da bandeji da tsohon hoton ƙashina, ya fara maganar diyya da kotu da sakaci. Idan mai shago ya taurare, sai ya rage murya ya ce shi dai zaman lafiya yake nema, ai an san yadda gari yake, kuma 'yan uwan yaron nan da wuya yake riƙe su.

Don wannan aiki nake sa kaftani da hula. Mutanen da nake cuta, da yawansu ranar Lahadi suna rera waƙoƙin da nake rerawa, amma na bar su suna zaton ni wani ne dabam, mai taron jama'a a bayansa. Wannan ya fi komai muni a abin da na yi. Ba kuɗi kaɗai na sata ba. Na ɗauki tsoron da ke tsakanin mutanen gari ɗaya na mai da shi jari, kuma na shafa wa waɗanda ba su ji ba su gani ba baƙin suna da tufafinsu.

Na bar shagon fotokofi, na kama ɗaki a Hanwa, na ce wa iyayena katin waya nake sarowa. Mukan je Kaduna ko Funtuwa idan muka ga ido ya yi yawa, sannan mu dawo. Kuɗin ba sa zama. Rabi na Barista ne, sauran kuma giya da kaya da abokan da ba na iya tuna fuskokinsu yanzu.

Akwai mace ɗaya da ba ta fita daga raina. Mama Nkechi, gwauruwa ce mai gidan abinci a Jushi, tana ciyar da 'ya'ya uku da shi. Da na faɗi a gaban teburinta, ba taron ta kalla ba. Ta durƙusa a ƙasa ta ɗora kaina a cinyarta, tana shafa mini hannu, tana cewa da Hausarta mai daɗi, sannu ɗana, laifina ne, yanzu na goge wurin. Hawaye take yi na gaske. Na so in miƙe in ce mata lafiyata lau. Sai na ga takalmin Barista a bakin ƙofa, na rufe ido na ci gaba da nishi. Ya matsa mata har ta sayar da firjinta. Bayan wasu watanni na bi ta layin, na ga wurin ya zama shagon aski. Aka ce ta kwashe yara ta koma garinsu. Na ji ba daɗi na yini guda, da yamma kuma na je na ci tsire.

Shekaru suka tafi a haka. Jikina ya fara gajiya, domin ko faɗuwar ƙarya ce, ƙasar ta gaske ce. Gwiwata ta kumbura, bayana yana ciwo kamar na tsoho. Labari kuma ya bazu cikin kasuwa cewa akwai wasu masu faɗuwa, ƙungiyar 'yan kasuwa ta gargaɗi mutanenta kada wanda ya sake biyan ko sisi. Na ce wa Barista zan daina. Kullum sai ya ce guda ɗaya kawai ta rage.

Wata rana ina kwance a ɗakina da azahar sai ga kiran Rifkatu, tana kuka, ta ce in zo asibiti, Mama ta faɗi.

Ashe ta je Sabon Gari saro manja ne a wani babban rumbu, inda ta saba zuwa idan mai kawo mata bai zo ba. Wata jarka ta fashe da safe, an share sama-sama. Ta taka, ta zame, ta faɗi a kan ƙugunta. Mai rumbun da ma'aikatansa suka ce ga wata ta zo, yanzu har da tsofaffi ake sawa a harkar. Suka hana kowa taɓa ta. Ta daɗe kwance cikin rana da manja a jikinta, mutane suna wucewa, wasu suna dariya suna cewa ta iya wasa. Wani ya kama hannunta ya fizge ta da ƙarfi wai don ya nuna ƙarya take yi, ta sake zubewa. Sai da wata mata 'yar zumuntar matan cocinmu ta zo wucewa ta gane ta, ta yi ta kururuwa, sannan aka nemo mota.

Na same ta a gado, fuskarta ta yi fari. Ba zafin ƙashin ne ya fi damunta ba. Ta kama rigata ta ce: "Suna ta cewa in tashi, wai sun san irinmu. Su wane ne irinmu? Me na yi musu?"

Na ce ban sani ba, Mama. Na fita waje na jingina da bango.

Likita ya ce ƙashin ƙugun ya karye, sai an yi aiki, kuma fizgar da aka yi mata ta ƙara ɓata shi. Kuɗin aikin sun fi ƙarfinmu, ni kuma da nake ta cika baki ina sana'a ba ni da komai. Baba ya ce zai je ya ga mai rumbun cikin lumana, tunda a wurinsa abin ya faru, ya nemi ya taimaka da kuɗin magani. Ya ce in raka shi, ni ne namiji. Na kawo uzuri iri-iri, ya dube ni da mamaki, sai na amince. Da na gaya wa Barista, murna ya yi. Ya ce yau ga ta gaskiya ta samu, za mu ci babba. Na bar shi ya biyo mu, don ina ganin wannan karon haƙƙinmu ne.

Baba ya sa rigarsa ta zuwa coci. Ya gaishe da mai rumbun, ya faɗi sunansa da makarantar da yake koyarwa, ya nuna takardar asibiti. Mutumin ya fara sanyi, har ya sa aka kawo benci. Ina tsaye a baya na saka hannun hagu a aljihu. Sai maƙwabcinsa mai sayar da robobi ya leƙo. Ya dube ni, ya dubi Barista, ya zo ya zaro hannuna daga aljihu ya ɗaga sama. A shagonsa na faɗi shekarar da ta wuce.

Kafin in yi magana an kewaye ni. Aka aika cikin layuka, mutane suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, mai kemis, mai yadi, mai kayan gini, kowa yana faɗin ranar da na faɗi a wurinsa da abin da ya biya. Na waiga, babu Barista, kuma har yau ban sake sa shi a ido ba. Baba yana zaune a kan benci da takardar asibiti a hannu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce: "Gaskiya suke faɗi?"

Na ce gaskiya ne, Baba.

Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ba mai rumbun haƙuri don ɓata masa lokaci, ya tashi ya tafi. Shugabannin kasuwa ne suka hana a dake ni, suka miƙa ni ga 'yan sanda.

A kotu ban wahalar da kowa ba, na amsa laifin damfara. Aka yanke mini shekara biyu. Maganar diyyar Mama kuwa ta mutu a ranar nan. Tana da haƙƙi cikakke, an yi sakaci, an kuma wulaƙanta ta, amma wa zai saurari uwar mai faɗuwa? Baba ya ƙi sake taka kasuwar. Ya sayar da gonar gadonsa a ƙauye, 'yan coci suka haɗa abin da suka iya. Kafin kuɗin su cika lokaci ya tafi, aikin bai yi yadda ake so ba.

Ba zan yi dogon bayani a kan gidan yari ba. Wuri ne na cunkoso da wari da jira. Da 'yan ɗakinmu suka ji laifina, sai suka riƙa sa ni in gwada musu faɗuwar, su yi dariya, mai ɗan hali ya ba ni ragowar abinci ko guntun sabulu. Na yi ta yi, domin ban san wani abin da na iya ba. Baba bai zo ko sau ɗaya ba. Rifkatu ce ke zuwa, ta bar makarantar koyon jinya da ta samu don ta kula da Mama, ta kuma riƙe teburin manja. Ba ta taɓa zagina ba. Wata rana na matsa mata ta gaya mini gaskiyar halin Mama. Ta ce idan ba kowa a gida, da jan gindi take zuwa banɗaki, kuma ta hana a gaya mini.

Da na koma ɗaki aka ce in yi wasan nan. Na ce na daina. Aka zage ni, wani ya mare ni, ban yi ba. Ba zan ce wani haske ya sauko mini ba. Gajiya ce kawai ta kai mini wuya, na gaji da kaina. Daga nan na fara zama a sujadar da ake yi mana ranar Lahadi, da farko a baya can, ban iya buɗe baki ba. Na daɗe kafin in iya roƙon Ubangiji gafara ba tare da jin kamar wata damfarar nake shiryawa ba. Na shiga wurin koyon aikin kafinta, na koyi abin da ya sawwaƙa.

Ranar da aka sake ni babu wanda ya zo tarona. Na hau mota zuwa Samaru, na tsaya a ƙofar gidanmu kamar baƙo. Baba ne ya buɗe. Ya yi ritaya, ya sauka daga muƙamin dattijon coci da kansa, gashinsa ya yi fari fat. Ya dube ni ya ce in shiga, tana ciki. Mama tana zaune a kujera da sanduna biyu a gefe. Na durƙusa na fara magana, ta ce in bari tukuna, in zo in ɗaga ta, tana son fita tsakar gida ta sha iska. Na ɗauke ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

Daga baya na bi mutanen da na cuta, waɗanda na iya samu. Wasu sun kore ni, kuma da gaskiyarsu. Wasu sun ce sun bar ni da Allah. Mai kemis ɗin nan ya ce in yi masa kanta a madadin kuɗinsa, na yi. Na nemi labarin Mama Nkechi har na gaji, babu wanda ya san garin da ta koma. Na je wurin mai rumbun manja ma. Ya ce shi ma abin yana hana shi sukuni, uwarsa sa'ar Mama ce. Ya ce: "Da ba don kai ba, da ni zan fara ɗaga ta." Ban san ko hakan ya wanke shi ba. Na dai san bai yi ƙarya ba.

Yanzu ina da ɗan wurin kafinta a bayan gidanmu. Ina yin benci da teburi, abin da na samu muna ci. Baba yana magana da ni, amma ba irin ta da ba, kuma na daina sa ran za ta dawo.

Ku matasa, ga abin da zan ce muku. Idan tsautsayi ya same ku a wurin wani saboda sakacinsa, neman haƙƙi ba laifi ba ne. Ku je asibiti, ku riƙe shaida, ku tafi da manya, ku nemi abin da ciwon ya ci muku tsakani da Allah, ku tsaya a nan. Kada ku ƙara ko kwana ɗaya a kan jinyar da ta ƙare. Kada ku karɓi abin da aka ba ku don tsoro, kuma ku guji duk wanda ya ce zai nuna muku yadda za ku ci riba da rauninku. Ni ina zaton masu shago nake cuta, mutanen da nake ganin suna da shi. Ashe tausayin mutane nake cinyewa kaɗan-kaɗan, har ranar da uwata ta buƙace shi ta tarar babu saura.

Idan kuma kuka ga mutum a ƙasa, ku ɗaga shi tukuna, tambaya ta biyo baya. Irina ba mu da yawa. Mafi yawan waɗanda suka faɗi, da gaske suka faɗi.